Wata biyar ke nan maigidana bai leƙa coci ba

Mama, gaisuwa mai yawa cikin sunan Yesu. Daga Gadarif ta ƙasar Sudan nake rubuto miki. Da can a Umdurman muke zaune, maigidana yana koyarwa a firamare, shi ne kuma shugaban mawaƙa a cocinmu shekara goma sha ɗaya. Bayan yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, wata rana ya fita neman ruwa, ɓaraguzan bam suka same shi, aka yanke masa ƙafar hagu ƙasa da gwiwa. Muka gudu Madani, da Madani ta faɗi a watan Disamba muka sake gudowa nan. Shayi da zalabiya nake sayarwa a bakin tasha, da shi muke ci.

Cocin da muke zuwa da Larabci ake sujada, mu masu jin Hausa gida huɗu ne kacal. Sun karɓe mu hannu bibbiyu, wannan ba zan ɓoye ba. Amma ƙofar tana da matakala uku, sai samari sun ɗaga shi da kekensa, su ajiye shi can baya kusa da randar ruwa. Duk baƙon mai wa'azi da ya zo sai ya sa a turo shi gaba a yi masa addu'a. Wani har ya kama hannunsa yana ja wai ya tashi ya yi tafiya, bai lura babu ƙafa a ƙarƙashin jallabiyar ba. Da na roƙi a bar shi ya riƙa karanta nassi, wani dattijo ya ce Littafin Firistoci ya hana mai lahani kusantar bagade. Yau wata biyar ke nan bai leƙa coci ba. Ya ce shi ba abin kallo ba ne. Na lallashe shi, na yi kuka, na yi fushi, a banza. Yanzu yara ma sun fara cewa za su zauna gida da Baba. Mama, in matsa masa ne, ko mu canja coci, ko in zuba masa ido? Na gaji.

'Yarki a Gadarif

'Yata, sannu da ɗawainiya. Na karanta wasiƙarki sau uku, kuma a karo na uku wani abu ya tsaya mini a rai. Kin ce "na roƙi a bar shi ya riƙa karanta nassi". Shi ne ya aike ki? Ya ma san kin je? Ba don in ɗora miki laifi na tambaya ba, macen da ta tura keke daga Madani har Gadarif ba ta cancanci zargi ba. Na tambaya ne domin a duk labarin da kika ba ni, samari sun ɗaga shi, masu wa'azi sun ja shi, dattijo ya yanke hukunci a kansa, ke kin yi magana a madadinsa, ban ga inda wani ya zauna ya ce masa, "Malam, me kake so?" ba.

Ki tuna Bartimawas a bakin hanyar Yariko, a Markus sura 10. Makaho ne, kowa ya gani, yana ta kururuwa. In ni ce da sai in ce ai abin da yake nema a fili yake. Amma Ubangiji ya tsaya, ya sa a kira shi, ya tambaye shi abin da yake so a yi masa, sai da mutumin ya faɗa da bakinsa. Wanda ya san abin da ke zuciyar kowa bai tsallake tambaya ba, balle mu.

To daga nan za ki fara, kuma ba ranar Lahadi da safe ba, lokacin da kike ɗaura ɗankwali rai a ɓace. Ki bari dare ya yi, yara sun kwanta, kun fito da gadon angarib tsakar gida. Kada ki ce masa yaushe zai koma coci. Ki tambaye shi wane abu ne ya fi ƙona masa rai a can. Sai ki yi shiru, ko da shirun ya yi tsawo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ke kina tsammanin maganar dattijon ce, wataƙila kuwa ba ita ba ce. Na san wani bawan Allah mai keke da ya daina sujada shekara guda, kowa yana cewa zuciyarsa ta yi sanyi, ashe masai ne matsalar. Rami ne na tsuguno, ƙofarsa ba ta shigar keke. Tun daren Asabar yake daina shan ruwa don kada fitsari ya kama shi a coci, a wannan zafin namu. Namiji babba ba zai faɗi wannan a gaban kwamiti ba. Kujera ɗaya da aka huda tsakiyarta, da ƙarfe a jikin bango, da faɗaɗa ƙofa, shi ke nan mutumin ya dawo.

Matsa masa kuwa, ki bari. Mutumin da ya shekara goma sha ɗaya yana tsaye a gaban mawaƙa, in ya ɗaga hannu murya talatin su tashi, in ya sauke su yi tsit, yau an ajiye shi kusa da randa kamar moɗa. Duk mai shigowa ya sunkuya ya ce masa sannu, wasu ma ke suke tambaya yaya jikinsa alhali yana zaune yana ji. Da ya ce shi ba abin kallo ba ne, gaskiya ya faɗa. Ƙin zuwansa ba lalle ya zama ƙin Allah ba. Watakila mutuncinsa ne yake karewa da ɗan abin da ya rage a hannunsa, wato cewa a'a.

Bari in tona wa kaina asiri. Ina sabuwar amarya a gida Najeriya, wata Lahadi na iso coci na tarar da wani mutum a bakin ƙofa, makaho, riƙe da sanda, rigarsa ta sha ƙura. Na kwance bakin zane na danƙa masa sulai, na wuce ina jin na yi aikin lada. Ya ce na gode 'yata, ya sa a aljihu. Da lokacin wa'azi ya yi sai ga shi an kamo hannunsa zuwa gaba. Shi ne baƙon mai bishara da ake jira. Ya buɗe wani ƙaton littafi mai tudu-tudu, yana bi da yatsu yana karantawa da Hausa, ba ko gargada. A Gindiri ya yi karatu, a makarantar makafi da mishan ɗin SUM suka buɗe a 1953. Da aka zo baiko ina kallo ya ciro sulaina ya jefa a kwano. Har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni. Ba mugunta na yi ba, tausayi ne, amma tausayin da ya riga ya yanke cewa mutumin nan karɓa kawai ya iya.

Da wannan muka tashi mu Hausawa. Muna da sarkin makafi, da sarkin guragu, da sarkin kutare, da unguwanninsu. Akwai alheri a ciki, an ba su tsari da shugabanci. Amma an kuma ware su, an ce ga layinku, ku zauna a bakin ƙofa a ba ku sadaka. Da muka zama masu bi sai muka shigo da layin nan cikin ikilisiya ba mu sani ba. Yakubu a wasiƙarsa, sura 2, ya tsawata wa masu ba mai zoben zinariya kujera mai kyau, su ce wa matalauci ya tsaya can ko ya zauna a ƙasa. Gefen randar nan da aka ajiye maigidanki, shi ne "can" ɗin.

Yanzu maganar dattijo, domin ita ce mai nauyi, kuma ba na so ku tunkare shi da fushi kawai. Ayar tana nan, Littafin Firistoci 21, daga aya 16 zuwa 23, ba ƙirƙira ya yi ba. Amma a karanta ta duka. Da Haruna da zuriyarsa ake magana, masu miƙa hadayar dabbobi a alfarwa. Dattijon ba jikan Haruna ba ne, faston ma haka, ba a kuma yanka rago a cocinku. Jerin lahanin da aka ambata bai tsaya a kan gurgu da makaho ba, har da mai karayar hannu, da mai ƙusumbi, da mai lahani a ido, da mai ƙaiƙayi. In da wannan ma'auni za a auna, ban san mutum nawa za su rage a kwamitin dattawa ba, ni dai da tabarau nake rubuta miki wannan. Ko a can ɗin ma, aya 22 ta ce firist mai lahani yana da rabonsa a abinci mai tsarki, ba a kore shi daga gidan ba. Ibraniyawa 7 ta gaya mana tsarin firistocin ya sake, shari'arsa ma ta sake tare da shi. Da Bulus ya zo lissafa wa Timoti da Titus halayen shugaban ikilisiya, ya yi maganar kamun kai, da karɓar baƙi, da iya koyarwa, da riƙon gida, bai ƙirga ƙafafu ba. Shi kansa Almasihu da ya tashi daga matattu, da tabon ƙusoshi ya tashi, har ya nuna wa Toma.

Akwai kuma wani labari da nake so maigidanki ya sake karantawa shi kaɗai, 2 Sama'ila 4:4 da sura 9. Mefiboshet ɗan Jonatan yana shekara biyar labarin yaƙi ya iso, mai renonsa ta suri shi ta gudu, garin gaggawa ya faɗi ya gurgunce. Gurgun gudun hijira ne, kamar naku. Da Dawuda ya nemo shi, bai aika masa da tuwo a bakin ƙofa ba. Ya mayar masa da gonakin kakansa, ya zaunar da shi a teburinsa kamar ɗaya daga cikin 'ya'yan sarki. Surar ta ƙare tana cewa har yanzu gurgu ne ƙafa biyu. Bai warke ba, amma kujerarsa tana nan.

Yadda za a kai wa dattijon maganar yana da muhimmanci kamar maganar kanta. Ku baƙi ne, ku 'yan tsiraru ne, shi kuma tsoho ne da wataƙila shi ya ɗauki bulon gina cocin a ka. Kada a ƙure shi a bainar jama'a, tsoho in ya ji kunya sai ya kafe. In maigidanki ya yarda, shi zai nemi fasto ya zo gida, ya faɗi abin da ke ransa da bakinsa, ke ki kawo shayi ki zauna ki yi shiru. Sannan fasto ya ɗauki dattijon su zo tare wata rana, a gaishe shi da Baba, a ce Baba mun zo ka buɗe mana wurin nan mu karanta tare. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Sau da yawa irin tsofaffin nan ba ƙiyayya ce da su ba, abin da suka ji tun suna yara ne, ba wanda ya taɓa karanta musu aya ta gaba.

A wannan zaman ne kuma za a kashe maganar baƙin masu wa'azi. Ni ina ba da gaskiya ga addu'ar warkarwa, na ga abin da Allah ya yi. Amma addu'ar da aka yi wa mutum ba da yardarsa ba, a gaban taro, ana jan hannunsa, wannan wasan kwaikwayo ne, shi ne kuma kayan wasan. In bai tashi ba a ce bangaskiyarsa ce ta gaza, ya koma gida da ciwo biyu. Bulus sau uku ya roƙa a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, wa zai ce Bulus ba shi da bangaskiya? Da almajirai suka ga wanda aka haifa makaho suka tambaya zunubin wa ne, Yesu ya ce ba nasa ba ne, ba na iyayensa ba. Abu ne mai sauƙi fasto ya gaya wa kowane baƙo tun a ofis, kafin a fara, cewa a cocin nan ba a kiran kowa gaba sai wanda ya ɗaga hannu da kansa. Maigidanki ma yana da ikon ya ce, na gode, in za ku yi mini addu'a ku roƙa mini aikin koyarwa.

Abin da nake ganin zai fi komai tasiri shi ne a mayar masa da aikinsa, ba wurin zama kawai ba. Ƙafa aka yanke, kunnensa da muryarsa da shekarunsa goma sha ɗaya suna nan daram. Coci nawa ne a Gadarif ke da ƙwararren mai koyar da waƙa yana zaune a banza? Lahadi ranar aiki ce a Sudan, Juma'a ce mutane ke da sarari. To shugaban mawaƙan ya zo ya same shi, ba da sannu ba, da buƙata: Malam, muryoyinmu suna karo da juna, ga Kirsimeti ko Ista na tafe, za ka saurare mu? In ya amsa, su riƙa zuwa ranar Juma'a da yamma su yi gwaji a ƙarƙashin rakubarku, wato rumfar gidanku. Amma fa buƙatar ta zama ta gaske. In dabara ce kuka ƙulla don ku faranta masa rai zai gane tun kafin su gama baiti na farko, malamin makaranta ne. Mutanen nan huɗu na Markus sura 2 sun fasa rufin ɗaki don su kai abokinsu gaban Yesu. Wani lokaci ikilisiya ce ya kamata ta ɗauki kanta ta je inda mutum yake.

Matakala uku ɗin nan ba dutsen Dala ba ne. Ƙa'idar gangara ita ce kowace santimita 1 ta tudu a ba ta santimita 12 na tsawo. In matakalan sun kai santimita 45 gaba ɗaya, gangarar za ta kai wajen mita 5 da rabi, faɗinta kamar mita 1, da ɗan baki a gefe don kada taya ta zame. In aka gajarta ta ta yi tsaye, sai ta fi matakalar haɗari. Bulo da 'yan buhunan siminti da samarin nan da suka saba ɗaga shi, aikin Juma'a biyu ne. A ciki kuma a zare ƙarshen benci ɗaya a tsakiyar maza ko a wurin mawaƙa, keken ya shiga layi kamar kowa. Teburin karatun nassi a sauko da shi ƙasa, kowa ya riƙa karantawa daga nan, ba shi kaɗai ba. Ranar Jibin Ubangiji a ba shi a layinsa, kada a gama da kowa sannan a tuna da na baya. Mai jagorar sujada kuma ya saba da cewa "mai iko ya tashi tsaye". Gwamnatin Sudan ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu tun 2009, amma takarda ba ta kwaɓa siminti, kuma bai kamata ikilisiya ta jira doka ta koya mata abin da ke cikin 1 Korintiyawa 12 ba, inda aka ce gaɓoɓin da ake gani kamar raunana su ne ba a iya yi sai da su.

In kwamiti ya ce ai mutum ɗaya ne, ku tambaye su su waye ba sa zuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum ɗaya cikin shida a duniya yana da wata naƙasa, balle ƙasar da ke cikin yaƙi. Ina tsohuwar da gwiwa ta hana ta hawa? Ina uwar yaron nan mai farfaɗiya da ke tsayawa ƙarƙashin dalbejiya har a tashi, don kada ya faɗi a yi ta kallonsu? Ina kurman da ke zaune awa biyu yana kallon leɓe? Shi ko a zaunar da shi gaba, wani ya rubuta masa ayoyi da kan wa'azi a takarda, an rage masa wani abu. Maigidanki zai iya zama bakin waɗannan duka, in ya so. Amma kada a naɗa shi sarkin guragun coci a ce an gama. Mawaƙi ne, wurinsa wurin mawaƙa.

Canja coci ba zunubi ba ne, amma kada ki fara da shi. Matakala da irin tunanin nan suna ko'ina, ga shi mutanen nan sun riƙe ku lokacin da kuka iso da ƙullin kaya. Ku ba su dama su gyara, kamar wata uku. In bayan an zauna an karanta sun dage cewa mai ƙafa ɗaya ba zai buɗe Littafi a gaban jama'a ba, to ku tafi lafiya ba tare da faɗa ba, kuma shi zai zaɓi inda za a je.

Ki sa ido a kan abu biyu. In ya daina cin abinci, ko barci ya ƙaurace masa, ko ya fara cewa gara da bam ɗin ya ƙarasa shi, wannan ya wuce fushi da coci, ku nemi likita ba tare da jinkiri ba. In ya ce yatsun ƙafar da babu ita suna masa zafi, ba aljanu ba ne, ba kuma hauka ba, jijiyoyi ne, yawancin waɗanda aka yanke wa gaɓa suna jin haka. Kada ya yini da gwiwar a lanƙwashe cikin keke, ya riƙa miƙe ta yana motsa ta, domin in ta sandare ƙafar roba za ta yi wuyar zama. Wanda aka yanke wa ƙasa da gwiwa yakan koma tafiya sosai in ya samu ƙafar da ta dace. Ƙungiyar Red Cross ta duniya ta daɗe tana tallafa wa aikin ƙafafun roba a Sudan, ku tambaya a ofishin Hilal Ahmar, wato Red Crescent, na garinku inda ake aunawa yanzu.

Ke kuma, kin ce kin gaji, na kuma ji. Ki ci gaba da zuwa sujada da yara, ki gaya musu Baba yana hutawa ne, ba faɗa yake da Allah ba, kada su ɗauka dole su zaɓi ɓangare. Ki samu mace ɗaya a zumuntar mata da za ki iya gaya wa gaskiya ba sai kin yi murmushi ba. Gidajen Hausawan nan uku da suka rage, mazansu su karɓi turin keke bi da bi, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Maganar gangara kuwa a hanzarta ta kafin damina. Kin san baƙar lakar Gadarif, in ruwa ya sauka ko raksha mai taya uku sai ta kafe, balle keken guragu, don haka a zuba tsakuwa tun daga bakin hanya har zuwa gindin gangarar. In kin yi masa tambayar nan ta dare, ki rubuto mini abin da ya ce, ko da bai yi miki daɗin ji ba. Ki gaishe mini da Malam da yara.

Mamanki